Sunan Ciwon Iya

Shekarun baya, lokacin ina aji biyu a jami'a a Wudil, an yi wata damina da ɗakin kakata ya koma ƙanshin kanumfari gaba ɗaya. Tun daga zaure ake fara jin sa, kafin mutum ya iso tsakar gida ya cika masa hanci. Ta daka shi ta cusa a dasashi, ta jiƙa shi ta kurkure baki, ta tauna shi har harshenta ya daina jin gishiri. Har yau idan na gifta masu kayan yaji a kasuwa, sai in ji kuncina ya ɗan motsa, kamar ni ce na yi ciwon.

Kakata ce ta wajen uwa, a Utai take zaune, muna kiranta Iya. Ciwon a kuncinta na dama ya sauka. Ba ciwo ne mai zama wuri ɗaya ya yi ta zugi ba. Zuwa yake kamar walƙiya, ya tsarga daga gefen hanci zuwa kunne, ya ɗauke, ya bar ta riƙe da fuska tana salati a zuci, don a fili ba ta iyawa. Tauna tana tayar da shi, doguwar magana tana tayar da shi, har iskar da ke kaɗawa bayan an ɗauke ruwa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne alwala. Matar da ba a taɓa riga ta ɗaukar buta ba a gidan, sai ga ta zaune da ruwa a tafin hannu tana kallonsa, ta kasa kai shi fuska.

An ce haƙori ne, aka cire ɗaya, ciwo bai san an yi ba. An ce iska ce, aka yi hayaƙi da tofi. An ce sanyi ne, aka hana ta fura. Ta bar goro, ta bar tuwo, ta koma kunu, shi ma da cokali ta gefen hagu. Ta rame har zobenta ya koma yatsan tsakiya.

Daga ƙarshe kawuna, wanda take zaune tare da shi, ya kawo ta asibiti a Wudil. Aka kira ni daga lakca, tunda ina kusa, kuma a dangi ni ake yi wa kallon mai Turanci. Gaskiyar magana lissafi nake karantawa, Turancin da nake taƙama da shi kuwa na littattafan labari ne da 'yan waƙoƙin da nake rubutawa a ɓoye. Amma a gidanmu duk wanda ya shiga jami'a ya zama likita, ya zama lauya, ya zama mai gyaran waya.

Likitan da muka samu matashi ne ɗan kudu mai bautar ƙasa. Hausarsa ba ta wuce "sannu Mama" da "ina ciwo" ba, don haka na zama tafinta. Ya yi tambayoyi da yawa cikin haƙuri, sannan ya ɗauki auduga ya ɗan shafa gefen hancin Iya. Ta zabura kamar an ɗana mata garwashi. Ya gyaɗa kai, ya faɗi wasu kalmomi biyu da sauri, kamar an zuba tsakuwa a kwano. Na roƙe shi ya rubuta mini, ya rubuta a bayan kati: trigeminal neuralgia. Ya ce wata jijiya ce da ke ɗaukar ji a fuska take aika saƙon zafi ba dalili. Ba haƙori ba ne, ba kuma ciwon da ke kisa ba ne. Akwai ƙwayar da ke kwantar da ita, za a fara da kaɗan, mu dawo ya ga yadda ta karɓe ta.

Na fassara duka, har ina jin daɗin kaina. Muna cikin mota, mun fita daga gari, Iya ta taɓo ni.

"Me ya ce sunan ciwon?"

"Iya, ciwon jijiyar fuska ne."

"Wannan ke kika raɗa masa. Na ji abin da ya faɗa, ya fi haka tsawo."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne irin na kaka da jika. Da muka isa gida ta karɓi ledar maganin, ta buɗe langa ta saka, ta rufe, ta ɗora faifai a kai.

Kawuna ya ce, "Iya, ai yanzu aka ce ki fara."

Ta yi magana a hankali, ta gefen baki, yadda ta koyi yi don kada ciwon ya tashi. "Ni ba na shan maganin ciwon da ban san sunansa ba. Tun ina yarinya, in zan sha magani sai na yi bismilla na ce, Allah ga maganin shawara, ga maganin zazzaɓi, ka sa albarka. Yanzu me zan ce? Baƙo ya sauka a fuskata wata da watanni, an ce yau an gane shi, kuma ni mai masaukin a hana ni sunansa?"

"To ai Allah ya san sunan, Iya."

"Ya sani. Ni ce ban sani ba."

Kawuna ya yi lallashi, ya yi faɗa irin wanda ɗa ke iya yi wa uwa, wato faɗan da yake ƙarewa da "yi haƙuri". Aka buga wa mahaifiyata waya a Kano. Ta saurara, sannan ta ce a ba ni.

"Ki koya mata mana. Kalma biyu ce fa."

Na ce to. A raina na ce aikin yamma ɗaya ne.

Da na koma hostal na buɗe ƙamus a waya, don kada in koya wa tsohuwa abin da ba shi ba. Nan rikicina ya fara. Ƙamus ya yanka kalmomin da ɗigo-ɗigo: tri, gem, i, nal, sannan neu, ral, gia. Na ƙirga da yatsu, gaɓa bakwai. Na faɗa da bakina, na ƙirga, takwas suka fito. Na sake faɗa a hankali, suka zama tara.

Ku da kuka daɗe kuna karanta ni kun san yadda nake da gaɓa. Tun ina sakandare nake ƙirga su a yatsu idan ina rubuta waƙa, in ji wacce ta yi nauyi, wacce ta yi sauƙi. Gaɓar Hausa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Baƙi ya zo, wasali ya bi shi, wani lokacin wani baƙin ya rufe ƙofa, shi ke nan. Amma a nan ga baƙaƙe biyu a farko sun manne babu wasali a tsakani, kamar mutum biyu a kan sallaya ɗaya. Ga wani "i" tsaye shi kaɗai a tsakiya kamar maraya, alhali kunnena yana gaya mini "mi" ne. Ga ƙarshen da idona ke ganin "gi" da "a", amma muryar da ke cikin waya tana cewa "ja" kawai ta wuce abinta.

Muryoyin ma biyu ne. Akwai ta mace, an sa tutar Ingila a gefenta, akwai ta namiji da tutar Amurka. Macen ta ce "nyu", namijin ya ce "nu". Na danna wannan, na danna wancan, har ƙawata ta ɗaki, mai karanta kimiyyar halittu, ta ɗago daga kan gado.

"Wai ke aljanu kike kira?"

Na nuna mata. Ko ɗar ba ta yi ba ta ce, "Tiraijeminal niyuraljiya. Haka lakcaranmu yake faɗa."

"Amma waya ba ta sa 'ti' a farko."

"Wayar ce za ta ba ki maki?"

Ta juya ta ci gaba da karatunta, ta bar ni da hanya ta uku. Washegari kawuna ya kira yana tambayar yaushe zan zo, ya karanta mini abin da ke bayan katin da nasa Turancin na sakandare: tirigeminal, da "ge" irin ta gero. Ta zama huɗu.

Ranar Asabar na tafi Utai. Dawa ta yi tsayi har ta rufe gefen hanya, ko'ina kore, ni kuwa ban ga komai ba, leɓena kawai ke motsi. Na tarar Iya ta sa an shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakinta inda iska ba ta kaɗawa. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta gyara mayafi, yadda ake zama gaban malami.

"To Malama, biya mini."

Na zaɓi muryar macen, don ta fi kama da Turancin da aka koya mana. Na tafa hannu sau ɗaya. "Trai."

"Tirai."

"A'a Iya, babu 'ti'. Haɗe su za ki yi. Trai."

"Tarai."

"Ki ɗora harshe a bayan haƙora, kafin ki sake shi ki..."

Ta ɗora, ta ja leɓe, sai na ga fuskarta ta tattare wuri guda. Hannunta ya tashi ya tsaya a iska kusa da kunci, bai taɓa ba. Idonta na dama ya cika da ruwa. Ban san inda zan sa kaina ba. Da ya ɗauke, ta sauke numfashi, ta yi mini alama da yatsa in ci gaba.

Haka muka yi ta tafiya gaɓa bayan gaɓa. "Je" ta zo mata da sauƙi, sai dai ta mai da ita "ja". "Mi" da "nal" ba su yi gardama ba. "Nyu" ta zama "niyu", ita ma ta tayar da ciwon. Kafin la'asar Iya ta iya jera abinta daga farko har ƙarshe: tirai jaminal niyural jiya. Na ƙirga a ɓoye a ƙarƙashin mayafi, gaɓa goma.

Na ce, "Ai kin faɗa, Iya. A ɗauko maganin."

Ta kalle ni cikin ido. "Daidai na faɗa?"

Da a ce ƙawata ce a wurin, da ta ce "daidai" ta miƙa ruwa, magana ta ƙare. Ni kuwa sai na tsaya tunani. Daidai da wa? Da macen Ingila, da namijin Amurka, da lakcaran da ban taɓa gani ba? Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kusan daidai."

"Wanda ya kusa kaiwa rijiya ai bai sha ruwa ba."

Na yi ƙoƙarin gyarawa, na ce ai su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba. Don in tabbatar mata, na kunna mata muryoyin. Ta kara kunnen hagu ta saurara da kyau, ta sa na maimaita.

"Waɗannan miji da mata ne?"

"A'a Iya, ƙasarsu ma ba ɗaya ba."

"Shi ya sa. To ke daga bakin wa kika karɓa?"

"Daga wayar."

Ta girgiza kai a hankali. Ta ce lokacin da take makarantar allo, malaminsu ya taɓa tsayar da ita a kan harafi ɗaya har sa'o'inta suka wanke allo suka wuce ta, saboda ya ce harafi in ya goce, ma'ana ta goce. Karatu daga baki ake karɓarsa, wurin wanda ke kallon bakinka yana gyara maka. Waya ba ta ganin bakin kowa.

"In na goce na kira wani ciwon da ba nawa ba fa? Ina da wurin saukar baƙo na biyu?"

Na so in ce ba haka Turanci yake ba. Amma da na koma makaranta na duba, sai na tarar da ciwuka jere da suka fara da wannan "nyu" ɗin, ƙarshensu ne kawai ya bambanta, kowanne da nasa sharrin. Maimakon in samu abin da zan kwantar mata da hankali, sai nawa ya tashi. Na fara jin kamar tana da gaskiya. Na kuma san ba ta da gaskiya. Duka biyun na ji su a lokaci ɗaya, kuma babu wanda ya kori wani.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Ana lakca, ina yanka kalma a gefen takarda, in matsar da "m" nan, in mai da ita can. Na tsaya a bakin gada ina kallon kogi ya cika ya yi ja, masu kwale-kwale suna ta harkarsu, ni ina gwada "nu" da "nyu" in ji wacce ta fi kama da gaskiya. Wata mai sayar da kifi ta tambaye ni ko lafiya. Har mafarki na yi wai an jera gaɓoɓin a kan tabarma kamar yara, ana tambayata wanne ne ba ɗan gidan ba.

A Utai kuwa masu zuwa dubiya kowa ya sa baki. Wata maƙwabciya ta ji sunan ta ce kamar na takin zamani. Wani dattijo ya ce ciwon da sunansa ya kai haka tsawo ba na wasa ba ne, a dage da addu'a. Matar kawuna ta kawo shawarar a daka ƙwayar a zuba a kunu, ta faɗa a madafa a hankali, amma kunnen hagun Iya lafiyarsa ƙalau.

"Duk wanda ya zuba mini abu a kunu ban yafe ba," ta ce daga ɗaki. Maganar ta mutu a nan.

Da na sake zuwa, na iske ta ta ƙara zubewa. Lokacin azahar ne. Ta wanke hannu, ta kurkure baki da ƙyar, ta ɗebi ruwa za ta kai fuska, sai ta tsaya. Ruwan ya yi ta zurarewa ta tsakanin yatsunta har ya ƙare. Ta sake ɗiba. Maganin da zai sauƙaƙa mata yana cikin langa, taku kaɗan daga inda take, kuma abin da ya tsaya tsakaninsu wasu 'yan wasula ne da ni 'yar jami'a na kasa yanke hukunci a kansu. Na zagaya bayan rumbu na yi kukana, kaji suna kallona.

Na dawo da niyyar in yi mata ƙarya. Na zauna na ce, "Iya, na bincika, yadda kike faɗa shi ne daidai."

Ta dube ni ta ɗan yi murmushi da rabin fuska. "Ke ko ƙaryar ma ba ki iya ba. Ki ce wa kawunki ya mai da ni wurin yaron nan na asibiti. A bakinsa na fara ji, a bakinsa zan karɓa."

Kawuna ya ce, "Iya, asibiti fa ba makarantar allo ba ce. Mutane na layi da ciwo, mu je mu ce a biya mana karatu?"

"Ni da me zan je, da lafiya?"

Ranar da muka koma ta dace da ranar kasuwa. Motocin shanu sun toshe hanya, muka daɗe kafin mu kai, muka kuma daɗe a kan benci. Duk tsawon zaman ina shirya yadda zan yi bayani da Turanci ba tare da na zama abin dariya ba, ban samu ba. Da muka shiga, likitan ya gane mu, ya ce "sannu Mama", ya tambaye ni yadda take ji da maganin. Na ce ba ta fara ba. Fuskarsa ta canja. Na sunkuyar da kai na gaya masa dalili, tun daga langa har zuwa baƙo na biyu.

Bai yi dariya ba. Ya ajiye biro, ya jawo kujerarsa ya fuskanci Iya, ya nuna bakinsa da yatsa. Sannan ya faɗi sunan a hankali, gaɓa-gaɓa. Ashe nasa ma daban ne. Ya haɗe farkon kamar macen waya, ya ja tsakiyar da wani karin sauti irin na garinsu, ya ƙare da "jiya" kamar ƙawata. Hanya ta biyar.

Ban san lokacin da na ce, "Likita, amma ƙamus ya ce gaɓa bakwai ne" ba.

Sai a nan ya yi dariya. Ya ce a makarantarsu akwai malamin da ya zo daga Indiya yana faɗa da tasa hanyar, akwai wanda ya yi karatu a Ingila yana faɗa da tasa, su ɗalibai kuma da tasu, kuma duk jijiya ɗaya suke nufi. Ya ce Mama ta faɗa ya ji. Iya ta gyara zama ta faɗa: tirai jaminal niyural jiya. Ya tafa mata, ya ce ta fi wasu 'yan ajinsu.

Na fassara da sauri, ina jin sauƙi na sauko mini. Iya ba ta motsa ba.

"Yaron kirki ne, yana jin kunyata. Kuma ya riga ya san ciwona, ko me na ce zai ce haka ne. Ki ce masa a kira mini wanda bai taɓa ganina ba."

Na faɗa masa, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ɗan yi tunani, ya kifa katin Iya a kan tebur, ya leƙa waje. Can sai ga shi da wata likita babba, Bahaushiya, da alama daga wani ɗakin ya tare ta, hannunta riƙe da takardu. Bai gaya mata komai ba sai cewa Mama na son yi mata magana.

"Sannu Iya, ya jiki? Me ke damun ki?"

Iya ta ɗaga kai. Na ga tana tattara ƙarfinta, ta san abin da zai iya biyo baya. Ta faɗa a fili, ba ta gefen baki ba, da duk wasulan da na yi ta ƙoƙarin cire mata.

"Tirai jaminal niyural jiya."

Likitar ta ɗaga hannu ta ɗora a kan nata kuncin. "Ayya, Iya. Wane ɓangaren, dama ko hagu? Yana hana ki alwala ko?"

Ciwon ya tashi a daidai lokacin, muka jira ya wuce. Da ya wuce, Iya ta juyo gare ni, ido jage-jage da hawaye, ta ce, "Kin gani, ta amsa. Sunan da aka kira aka waiwayo ai shi ne suna."

Ta kwance bakin zanenta, ashe ta ƙullo ƙwayar ta taho da ita. Ta nemi ruwa. Ta yi bismilla, ta gaya wa Ubangijinta maganin ciwon da za ta sha, da sunansa cikakke, ta haɗiye. Likitoci biyu suna tsaye suna kallo, babbar ta ce amin.

Da farko maganin ya sa ta jiri da yawan barci, muka koma aka daidaita mata. A hankali walƙiyar ta fara jinkirin zuwa, ta rage ƙarfi. Kafin a yanke dawa Iya ta koma wanke fuska da tafi biyu. Ranar da ta fasa goro ta aika har hostal a gaya mini. Daga nan duk wanda ya zo gaishe ta, ko bai tambaya ba, sai ta gaya masa sunan ciwon da ta yi, ta kuma gyara masa in ya maimaita ba yadda take faɗa ba. Kawuna ya sha gyara a kan "ge" ɗinsa har ya haƙura ya koma "ja".

Ni kuwa har yau in aka tambaye ni gaɓa nawa ce a kalmomin nan, sai na yi jim. Ƙamus yana nan a kan bakwai ɗinsa, bakina yana kan takwas, kuma in na tuna da su a zuci, da muryar Iya suke zuwa, goma cif. Na daina jin kunyar wasalin da harshenmu ke sakawa tsakanin baƙaƙen wasu, kamar yadda ake shimfiɗa wa baƙo tabarma kafin ya zauna. Abin da ban daina ba shi ne mamakin yadda mace mai hankali irin Iya ta zaɓi ta zauna da wannan azaba saboda suna. Na daɗe ina ɗaukarsa taurin kai ne na tsufa, ina ba da labarin a matsayin abin dariya.

Sai bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, wata rana muna tsince shinkafa da mahaifiyata a Kano, na ɗauko labarin ina kwaikwayon muryar Iya. Mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Ta ture faranti gefe ta ce akwai abin da ban sani ba.

Kafin a haifi mahaifiyata, Iya ta haifi ɗa namiji, shi ne na fari. Bayan yaye ya kwanta ciwo, aka rasa kansa. Kakana da ƙanensa suka ɗauke shi zuwa asibiti a Kano, aka bar Iya a gida saboda tsohon ciki. Yaron bai kwana biyu a can ba ya cika, a can kuma aka binne shi. Likitan da ya duba shi ya gaya musu sunan ciwon da Turanci. Kakana ya san ba shi da abin da zai kawo wa matarsa gida sai wannan, don haka ya roƙi a maimaita masa, ya riƙe shi a baki. Ya yi ta nanata shi a cikin mota tun daga Kano har Wudil, ya ci gaba da nanatawa a ƙafa a hanyar Utai. A bakin gari mutane suka tare shi da gaisuwa, ya tsaya ya amsa. Da ya iso ƙofar ɗakinta ta tambaye shi me ya sami yaron, ya buɗe baki, babu komai.

Har Iya ta koma ga Allah ba ta san sunan abin da ya ɗauke mata ɗanta na fari ba.